Lawali da Shingayen Azara

Daminar bana ta cika shekara goma sha biyar da muka binne Lawali, ɗan yayata, a maƙabartar ƙauyensu da ke ƙasar Bukkuyum. Duk shekara idan hadari ya fara haɗuwa nakan ce zan rubuta wani abu a kansa, sai in ɗauki biro in ajiye. Ba rashin abin faɗa ba ne. Babu yadda zan ba da labarinsa ba tare da na ba da nawa ba, nawa kuwa ba mai daɗin ji ba ne. Yanzu na yi ritaya, babu mai rubuto mini takardar tuhuma, babu ƙarin girman da nake jira. Tsoron da ya rufe mini baki ya ƙare, kunya ce ta rage, ita ma na gaji da ɗaukarta.

Waɗanda suka san shi a ƙarshen rayuwarsa Lawali Gurgu suke ce masa, shi ma yana amsawa. Ni na san shi a lokacin da babu yaron da ke shan gabansa a gudu daga Anka har Gummi.

Ina malamin wasanni ne a wata makarantar kwana ta maza a Anka, 'yan shekaru bayan an ba mu jiha. Mahaifin Lawali ya rasu ya bar musu 'yan shanu da gona, yaron kuma ya tashi cikin kiwo tare da 'ya'yan Fulani maƙwabtansu, har ya fi ni jin Fillanci. Uwarsa, Yaya Hajo, ita ta goye ni ina ƙarami. Da ya ci jarrabawar shiga sakandare, da kanta ta hawo motar kasuwa ta kawo shi, da akwatin ƙarfe da ƙullin garin ƙuli. Ta zaunar da shi a gabana ta ce, "Garba, ni ban san boko ba, kai ka sani. Ga shi nan. Ka maido min shi yadda na ba ka shi." Na yi dariya na ce mata ai ba yaƙi za shi ba.

A shekararsa ta huɗu na gane abin da Allah ya ba shi, kuma ba wayona ya gano ba. Horo aka ba ajinsu, su zagaye gonar makaranta da gudu. Sauran yara suka bi gefe. Shi ya ratsa ta tsakiya, yana ƙetare kunyoyi ɗaya bayan ɗaya, ya zo kan darnin lambu ya wuce ta samansa bai ko rage gudu ba. Na sha ganin yara suna tsalle. Wannan ba tsalle yake yi ba, wucewa kawai yake yi. Na kira shi na tambaye shi wa ya koya masa. Ya sosa ƙeya ya ce, "Kawu, in maraƙi ya faɗa gonar mutane, ba ka da lokacin neman ƙofa."

Gudun tsallake shinge ke nan, ko da yake shi bai san yana da suna ba. Ga wanda bai taɓa gani ba: shinge goma ake jerawa a kan hanyar gudu, kowanne ya kai ƙugun babban mutum, mai gudu ya yi taku uku ya ƙetare, taku uku ya ƙetare, har ya kai ƙarshe. A kwalejin horon malamai na koye shi, a can kuma aka nanata mana abu ɗaya da nake so mai karatu ya riƙe. Shingen gasa ana ƙera shi ne yadda idan ƙafa ta buge shi zai faɗi gaba, mai gudu ya wuce da ɗan ƙujewa.

Mu ba mu da irin wannan. Na fara da gwafa da karan dawa, iska ta kwashe, awaki suka ture, 'yan aji ɗaya suka sace sauran suka hura wuta. Raina ya ɓaci, na samu kafintan makaranta ya yanko mini azara daga rufin wani ajin da ya rushe. Muka haƙa rami muka kafa su, muka gitta wata a sama, muka buga ƙusa. Wanda ya san azarar giginya ya san ko gatari sai ya yi da gaske. Har alfahari na riƙa yi a ɗakin malamai, ina cewa shingena ba ya lallashin kowa, shi ya sa yarona ba ya taɓa shinge. Abin takaici, maganar ta yi kama da gaskiya. Tsoron azara ya sa Lawali ya koyi wucewa a tsabtace, ƙafar gaba a miƙe, ta baya a naɗe, kansa ko motsi ba ya yi. Da yamma mutanen gari sukan tsaya a bakin waya suna kallo, har masu tallan gyaɗa suka mayar da wurin kasuwa.

Ana nan sai ga wata babbar mota ta kawo kayan wasanni, cikin rabon da aka yi wa makarantu. A ciki akwai shingayen ƙarfe guda goma, sababbi fil, fari da baƙi, kowanne a naɗe cikin leda. Na tsaya ina shafa su kamar wanda aka yi wa haihuwa. Shugaban makaranta ya zo ya duba, ya ce, "Malam Garba, a kai sito a kulle. Kada a cire ko leda ɗaya sai an zo an ƙaddamar." Ya miƙo mini makulli.

Kada mai karatu ya ɗauka mugun mutum ne. Halinmu ne gaba ɗaya. Tun a gida muka tashi muka tarar sabon abu na baƙo ne. Innarmu ta rasu ta bar kwanonin da ba a taɓa zuba tuwo a cikinsu ba, ana jiran baƙon da ya isa. Da muka shiga aikin gwamnati sai muka tafi da halin, muka ƙara masa zare da almakashi. A haƙa rijiyar burtsatse a sa mata kwaɗo, mata su ci gaba da zuwa rafi, sai ranar da babban mutum ya samu sukunin zuwa ya murɗa famfo a tafa masa. Sau uku aka sa ranar ƙaddamar da kayanmu, sau uku muna share fili muna shafa wa duwatsu farar ƙasa, sau uku ana aiko cewa an ɗaga.

A cikin wannan jiran aka yi gasar makarantun yankinmu a Gummi. A bayan akori-kura muka je. Can ne Lawali ya fara ganin shingen gaske a kan fili, na aro ne da masu shirya gasar suka zo da su. Takalmin da na samo masa ya matse shi, ya cire ya yi gudunsa da ƙafa. Ba zan ce ga daƙiƙa nawa ya yi ba, agogon mai riƙe lokaci ma ban yarda da shi ba. Abin da na gani da idona shi ne ya gama ya juyo, na biyu bai sauka daga shinge na tara ba. Fili ya ɗauki sowa. Wani tsoho mai sayar da rake ya ratso mutane ya danƙa masa sanda guda kyauta.

Amma ba nasarar ce ta tsaya masa a rai ba. A zagayen wasu yara ya ga ɗaya ya bugi shinge, shingen ya kife, yaron ya ci gaba da gudunsa. A hanyar dawowa ya matso kusa da ni ya ce, "Kawu, ashe faɗuwa sukai in an taɓa su?" Na ce masa haka ne. Can ya ce, "Irin su na cikin sito?" Na ce irinsu ne.

Daga Gummi sai Gusau, can ma ya zo na ɗaya, aka sa sunansa cikin waɗanda za su wakilci jiha a gasar makarantu ta ƙasa. Wani mai horarwa da ya zo daga Kudu ya ja ni gefe ya ce yaron nan yana tashi sama fiye da kima, yana ɓata lokaci a iska, in sa shi ya riƙa shafar shingen. Ya ce idan ya gyara wannan, zai yi nisan da ni da shi ba mu taɓa zato ba. Na dawo da wannan magana a kaina, na faɗa wa Lawali. Sau ɗaya tak ya roƙe ni. Ya ce, "Kawu, ko guda uku ka fiddo min. In mun gama in goge su in maida ledar, ba mai ganewa." Na ce masa kayan gwamnati ba abin wasa ba ne. Kayan wasa ne fa, amma haka na faɗa, da bakin nan nawa.

Makullin yana aljihuna. Shugaban makaranta ma ya yi tafiya a makon. Abin da ya hana ni shi ne takardar ƙarin girmana tana kan teburinsa, ina tsoron wani malami ya kai masa tsegumi. Na auna abin a raina, na zaɓi takardata. Sannan na umarci yaro ya rage tashi, ya riƙa shafar azara.

Saura mako uku tafiya, aka yi ruwa da safe. Da la'asar ƙasa ba ta gama shanyewa ba. Lawali ya taka filin ya ce da santsi, na ce a can ma ba za a ɗaga gasa don an yi ruwa ba. Ya wuce shida lafiya. A na bakwai ƙafar da ya taka ta zame, ƙaurinsa ya haɗu da azara. Ina tsaye nesa amma na ji ƙarar, kamar an karya rake a gwiwa. Azarar ko girgiza ba ta yi ba.

Kuskure na biyu ya fi na farko muni, don shi a natse na yi shi. Da Yaya Hajo ta iso washegari tare da baffanninsa, suka ce a kai shi wurin wani mai ɗori da ya yi suna a wajen Gummi. Ban raina masu ɗori ba, na ga waɗanda suka warkar. Sai dai wannan karaya ce biyu a wuri ɗaya, ƙashi ya nemi huda fata, na kuma san aikin babban asibiti ne. Na san kuma idan aka je asibiti za a rubuta rahoto, rahoto zai tambayi a kan me ya faɗi, daga nan a tambayi ina na ƙarfen. Na yi shiru, har na taya su neman mota. Yaya Hajo ta dube ni ta ce, "Mi ya same shi, Garba?" Na ce tsautsayi ne. Ta ce Allah ya sa kaffara ce, ta yi mini godiyar ɗawainiya.

Wata huɗu ya yi a kwance. Da aka kwance karan ɗorin, ƙafar ta haɗe amma ta karkace, ta kuma gaza 'yar uwarta da kamar yatsa uku.

Babban baƙon ya zo daga baya, bayan an yi girbi. Muka share fili, muka jera shingayen ƙarfe a karo na farko, aka cire leda, aka ɗaura zare. Tun da safe shugaban makaranta ya sa aka tumɓuke azarata aka jefa bayan kicin, wai kada baƙi su ga ƙauyanci. Aka yanka zare, aka tafa. Aka sa wani yaro ya gwada, ya bugi na farko ya ture, ya tashi yana dariya, baƙo ma ya yi dariya. Lawali yana zaune a layin ɗalibai da sandarsa a tsakanin ƙafafu. A jawabin baƙon har an ce ana fatan waɗannan kaya za su fito da zakaru daga wannan yanki. Ni na riƙe masa lema yana wannan magana. Ƙarin girman kuwa na samu, a shekarar.

Lawali bai gama makaranta ba. Ya ce ba zai iya da kallon da yara ke yi masa ba, ya koma gida. Kiwo ya gagare shi, noma yana yi da ƙyar. Ya yi aure, ya buɗe ɗan tebur, bai yi ƙarko ba. Da aka fara samun zinariya a dazukan wajen Sunke, samari suka yi can, shi ma ya bi su, don aikin tono ba ya tambayar yadda kake tafiya. Na je na same shi sau ɗaya a wurin, jikinsa duk jar ƙasa. Na yi niyyar in faɗa masa komai, in nemi gafara. Na fara kame-kame, ya katse ni ya ce, "Kawu, bar wanga zance. Abin da Allah ya rubuta ba ya wuce ranarsa." Ya sayo mini shayi. Wallahi da zagina ya yi da ya fi mini sauƙi.

Na yi imani da ƙaddara, da ita zan mutu. Abin da na ƙi shi ne yadda muke ɗaukarta mu lulluɓe aikin hannunmu. Shi ya faɗe ta don ya sauke mini nauyi, ni kuma na karɓe ta don ta yi mini daidai. A wajensa imani ne, a wajena mafaka ce, kuma na fake a cikinta shekara da shekaru.

Yadda ya rasu, abokin aikinsa ne ya ba ni labari a wurin zaman makoki. Suna cikin wani dogon rami mai faɗi, kwana biyu bayan ruwa, sai ƙasa ta fara zubowa daga bango kaɗan-kaɗan. Duk mai wannan aiki ya san ma'anar haka. Wani ya ce a fita, kowa ya zubar da abin hannunsa ya ruga wajen hawa. Nisan bai kai tsawon fili ɗaya na gudunsa ba. Kowa ya fita. Abokin aikin nasa ya ce, "Da munka waiwaya, Malam, sai munka gane shi baya yana jan ƙafa." Wannan shi ne yaron da ya juyo a Gummi yana jiran na biyu.

Nakan tambayi kaina me zai ce da ya ga yau. Yanzu yaro a ƙauye yana kwance a kan tabarma yana kallon gasar duniya a wayarsa, ya san sunan masu gudun ƙasashen da bai san inda suke ba. Da a yau ne, wani zai ɗauki gudun Lawali a waya, kafin magariba an gani a Legas. A lokacinsa ko hoto ɗaya ba a ɗauke shi yana gudu ba. Wanda muke da shi na katin makaranta ne, ya ƙame kamar an tsare shi da bindiga. Ta wannan gefen zai ce an ci gaba. Amma hanyar da uwarsa ta bi ta kawo shi Anka ita kaɗai a motar kasuwa, yau namiji ma sai ya yi addu'a ya yi tambaya kafin ya hau ta. Filin da ya yi gudu a kai an yanka rabinsa an yi shaguna. Gasar makarantu kuwa, na tambayi wani matashin malami yaushe rabon da a yi, ya ce shi tun da ya kama aiki bai gani ba.

Halin nan kuma yana nan daram. Kwanan baya na wuce wani sabon ɗakin shan magani a wani ƙauye, fenti yana ƙyalli, ƙofa da kwaɗo, wata mata tana zaune a inuwarsa da yaro a cinya tana jiran mota zuwa gari. Na tambaya aka ce ba a ƙaddamar ba tukuna. Na so in nemi mai riƙe da makullin in zaunar da shi in ba shi labari. Ban yi ba. Na san abin da zai ce mini, don na taɓa faɗarsa. Da Lawali yana nan ina jin murmushi kawai zai yi ya sosa ƙeya, shi ba mai dogon zance ba ne. Ni ne abin yake ci.

Shingayen ƙarfen, in mai karatu yana son sani, ba a sake yin gudu a kansu ba. An mayar da su sito, daga baya aka fito da su ana tare hanya da su ranar taron iyaye. Na ƙarshe da na gani, matar wani malami tana shanya kayan yara a kai.

Yaya Hajo ta rasu shekara shida bayansa. Har ta koma ga Allah tana sa mini albarka, tana gaya wa mutane yadda na tsaya wa ɗanta. Na yi ta ɗaga ranar da zan faɗa mata, ina cewa sai ta ɗan samu sauƙi, sai bayan salla, sai an yi girbi. Ranar ba ta zo ba.

To me ya rage na Lawali? Kofin da ya ci a Gusau yana ofishin makaranta in bai ɓata ba, sunan makaranta ne a jiki, ba nasa ba. Tsofaffin Gummi kaɗan suna tuna wani yaro da ya yi gudu ba takalmi, amma sun manta sunansa. A ƙauyensu laƙabin ne ya zauna. Abin da ya rage na gaske shi ne 'yarsa Hajara, mai sunan kakarta, wadda ya bari tana tatata. A gidana take yanzu, tana ajin ƙarshe na sakandare. Dogayen ƙafafunsa ta ɗauko, da sosa ƙeyar nan idan an tsare ta da tambaya. Kaka take ce mini, tana tsokanata wai na tsufa ina shan shayi da cokali.

Watan jiya tana yi mini shara ta ci karo da katin makarantar. Na ce mata ubanta ya fi duk yaran jihar nan gudu a zamaninsa. Ta yi dariya, ta ɗauka irin zolayarmu ce. Ta ce, "Kaka, Baba fa gurgu ne, kowa ya sani." Na ce ba haka aka haife shi ba. Ta ajiye tsintsiya ta ce, "To me ya same shi?" Tambayar kakarta ce, har muryar. Na buɗe baki, sai na ji kalmar tsautsayi tana hawowa da kanta, ta saba hanya. Na haɗiye ta, na ce mata zan ba ta amsa a rubuce, don na san kaina, in da baki ne zan sake gyara zancen.

Allah ya jiƙan Lawali, ya jiƙan uwarsa, ya sa sun huta. Su biyun sun tafi suna ganin girmana, ba ni da yadda zan gyara wannan. Hajara kuwa tana karanta Hausa sarai. Ranar da wannan shafi ya fito zan sayi jaridar in miƙa mata da hannuna, in zauna a tsakar gida in jira ta gama.